Kano ko Oyo: ga masu tambayata ko su taho Badun yin mastas



Tun da aka fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri na bana, tambaya ɗaya ce ake ta turo mini: "Yaya, in tsaya Kano in yi mastas ɗina ko in taho Ibadan?" Wasu kuma 'yan bautar ƙasa ne da aka turo Jihar Oyo, suna son jin ko su zauna ko su nemi a mayar da su gida. Amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya ya gagare ni, shi ya sa na ce bari in rubuta a wuri ɗaya. Rubutun yana da tsawo, a yi haƙuri. A Kano na tashi, a can na yi digirin farko, yanzu kuma ina mastas a nan Badun a fannin tattalin arzikin noma. Duka jihohin biyu na ci tuwonsu, na biya kuɗin motarsu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: in fannin da kake karanta yana da gindin zama a Ibadan, kuma kana da kuɗin da zai riƙe ka shekarar farko ba tare da ka rataya a kan alkawarin wani kawu ba, to ka taho. In ɗaya daga cikin biyun nan babu, ka zauna Kano, ba abin kunya ba ne. Ga dalilaina.

KARATUN KANSA

Mu fara da abin da zai kawo ka. Jami'ar Ibadan ita ce ta farko a ƙasar nan, an buɗe ta a 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta tsaya da ƙafarta a 1962. BUK kuwa a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Amma tsufa kaɗai ba ya rubuta wa mutum tesis. Abin da ya kamata ka duba shi ne me ke kewaye da jami'ar.

A Ibadan, in kai ɗan noma ne, ga cibiyar IITA da aka kafa a 1967 a kan hanyar Moniya, ga cibiyar binciken koko, ga ta gandun daji, ga ta kayan lambu, ga ta Moor Plantation. In ɗan lafiya ne, ga asibitin koyarwa na UCH da ke aiki tun 1957. In ɗan tattalin arziki ne, ga NISER. Ɗan tarihi kuwa, ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati tana cikin harabar jami'ar, da ƙafa za ka je. Manyan kamfanonin buga littattafan makaranta da yawa a garin nan suke. Amfanin wannan shi ne mai duba aikinka yana da abokin da zai ɗaga wa waya ya ce ga ɗalibina nan zai zo ya yi amfani da ɗakin gwajinku. Irin wannan wayar tana iya rage maka wata shida na wahala.

To amma fa Kano ma ba kanwar lasa ba ce. Wanda zai yi bincike a kan gero, dawa, wake, gyaɗa ko noman rani, me zai zo nema a ƙasar rogo da koko? BUK tana da cibiyar noman tsandauri, IITA ɗin ma tana da reshe a Kano, ga gonakin Kadawa da Kura, ga kasuwar Dawanau da babu kamarta wajen hatsi a yankin nan. Mai karanta Hausa, Larabci, Shari'a, bankin Musulunci, ko siyasar Arewa, Kano ta fi masa, ga Gidan Mambayya a Gwammaja, ga Arewa House a Kaduna tafiyar 'yan awoyi. Barin Kano ka zo Ibadan don nazarin adabin Hausa kamar barin Dawanau ne ka zo Bodija sayen gero.

Kada kuma wani ya yaudare ka cewa Kudu ba a yajin aiki. Yajin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ya rufe Ibadan kamar yadda ya rufe BUK. Bambancin kawai shi ne ɗan Kano yana gidansu yana cin tuwon gida, wanda ya yi nisa kuwa kuɗin hayarsa yana ta tafiya a ɗakin da ba kowa.

ALJIHU

A nan ne yawancinmu muke yin lissafin dokin Rano. Mutum ya duba kuɗin makaranta a shafin jami'a, ya ga zai iya, ya ɗauki jaka. Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abu.

A Kano, ɗalibin mastas yawanci yana kwana a gidansu ko gidan yayansa. Ba haya, ba kuɗin gas, abincin dare yana jiran shi a kwano. In ya tsiyace, akwai majalisar da zai zauna a sha shayi da shi. Wannan duk kuɗi ne, sai dai ba ma ƙirga shi saboda ba daga aljihunmu yake fita ba. Ranar da ka sauka a tashar Ojoo, duk abin nan zai koma kanka.

Ɗakin kwanan ɗalibai a cikin makaranta ba ya isar kowa. In ba ka samu ba, sai Agbowo da ke daura da babbar ƙofa, ko Orogun, Ajibode, Bodija ko Sango. Hayar shekara guda ake biya gaba ɗaya, sannan ga kuɗin ejan, ga na rubuta yarjejeniya, ga na ajiya ko da za ka yi ɓarna. Wani lokacin kafin ma a nuna maka ɗakin sai ka biya kuɗin gani. Ka sayi katifa, tukunyar gas, bokiti, fanka. Kafin ka shiga lakca ta farko, kuɗin da ya fita ya wuce yadda ka zata nesa ba kusa ba.

Abinci ma akwai abin lura. Tumatir, attaruhu, albasa, wake, shanu da raguna, akasari daga wajenmu ake loda su a tirela a kawo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin wannan doguwar hanyar yana cikin kowane kwandon tumatir da za ka taya a Bodija. Abin da ke da sauƙi a nan shi ne garin rogo, doya, ayaba, manja, lemo da abarba a lokacinsu. Wanda ya koyi cin amala da miyar gbegiri da ewedu, aljihunsa zai huta. Gbegiri ɗin ma miyar wake ce, waken kuma sau da yawa namu ne. Wanda ya dage sai tuwon shinkafa da miyar taushe kullum, sai ya riƙa hawa mota zuwa Sabo, ya biya kuɗin abinci ya biya na hanya.

Wasu suna kawo mini maganar albashi: ai mafi ƙarancin albashi a Oyo naira 80,000 ne, a Kano kuwa 71,000. Gaskiya ne, haka gwamnonin biyu suka sanar a ƙarshen 2024. Amma wannan dubu tara ɗin haya kaɗai ta cinye ta. Kai kuma ɗan bautar ƙasa, alawus ɗinka na 77,000 ɗaya ne ko a Fagge kake ko a Ogbomosho, sai dai abin da zai saya maka ne ya bambanta.

LOKACI

Ga inda Ibadan ta yi wa Kano fintinkau, kuma ba kasafai ake faɗa ba. A Kano lokacinka ba naka ba ne kai kaɗai. Asabar ɗaurin aure uku, Lahadi suna, ranar Talata ta'aziyya a Gwarzo, Laraba Hajiya ta ce ka kai ta asibiti, Alhamis abokinka ya zo da maganar da "ba za ta ɗau minti biyar ba". Duk hakkoki ne, kuma zumunci ibada ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma kowa a cikinmu ya san wanda ya gama kwasa-kwasai da sakamako mai kyau, sannan babi na huɗu ya riƙe shi shekara uku. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, awa huɗu a jere ba tare da an ƙwanƙwasa masa ƙofa ba ita ya rasa.

A Ibadan ba wanda ya san ka. Ka shiga ɗakin karatu na Kenneth Dike da safe, ba mai nemanka sai yunwa. Gayyatar biki ta zo ta waya, ka yi addu'a ka tura ɗan abin da ya samu, kowa ya fahimta. Nisan da ke sa ka kewar gida shi ne kuma yake ba ka damar gama aiki.

Sai dai wannan yana da farashi. Tafiya gida yini guda ce har da dare, ko ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko ta Lokoja da Abuja. In aka yi rasuwa da asuba, kafin ka isa an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Wanda mahaifansa suka tsufa kuma shi ne babba a gida, ya auna wannan da kyau kafin ya sayi fom. Takardar mastas ana iya yin ta a kowace shekara, jinyar uwa kuwa ba ta jira.

YANAYI DA ZIRGA-ZIRGA

Zafin Kano na Maris zuwa Mayu, wanda ke haura digiri 40, babu shi a nan. Ruwan sama yana farawa tun wajen Maris ko Afrilu har zuwa Oktoba, da ɗan tsagaitawa a Agusta. Amma akwai gumi mai danƙo, wanki ya ƙi bushewa, takalmi da littafi su yi fumfuna, ga sauro. Ka zo da gidan sauro, kada ka ce sai ka iso. Hunturu kuwa leƙowa kawai yake yi, rigar sanyin da kake sawa a Kano a Janairu ba za ta yi maka aiki ba. Wutar lantarki duka biyun sai haƙuri, ka tambayi unguwa kafin ka biya haya, don layi da layi ma sun bambanta.

Mota a nan ƙananan tasi ne ƙirar Micra, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ga Keke, ga acaɓa wanda a Kano aka hana ɗaukar fasinja da shi tun Janairun 2013. Da yawa daga cikin 'yan acaɓar 'yan uwanmu ne, ka yi musu sallama da Hausa su kai ka har ƙofa. Babban abin da Oyo ta fi Kano da shi ta wannan fuskar shi ne kusanci da Legas. Jirgin ƙasan da aka buɗe a Yunin 2021 yana tashi daga Moniya, cikin ƙasa da awa uku kana Legas. Intabiyu, taron ƙara wa juna sani, jarrabawar Turanci ta masu neman fita waje, duk za ka iya zuwa ka dawo ba tare da ka karya asusu ba.

ADDINI

Iyayenmu da yawa suna ɗauka duk Kudu babu Musulunci. Oyo cike take da Musulmi. Masallatai a kowace unguwa, kiran sallar asuba zai tashe ka a Agbowo kamar yadda zai tashe ka a Ɗorayi, babban masallacin jami'a yana cika ranar Juma'a. Ƙungiyar MSSN da muka tashi a cikinta ma a Legas aka kafa ta a 1954. Babbar Sallah da suke kira Ileya biki ne na gari gaba ɗaya.

Bambancin shi ne a Kano gari ne yake taya ka riƙe addininka. Kasuwa ta tsaya lokacin Juma'a, azumi kowa yana yi, ga Hisbah, ga idon unguwa. A nan gida ɗaya za ka ga uba Alhaji, uwa tana zuwa coci, 'ya'ya sun rabu biyu, kuma suna cin abinci a kwano ɗaya. Mashaya a buɗe take a bakin titi. Lakca tana iya cin karo da lokacin salla, kai ne za ka tashi ka nemi uzuri cikin ladabi. Ba mai ce maka ka yi, ba mai ce maka ka bari. Na ga waɗanda wannan ya ƙara musu riƙo, na ga waɗanda suka saki layi cikin zango ɗaya. Kowa ya san kansa, ya yi wa kansa adalci.

'Yan uwa mata, hijabi da niƙabi ba baƙin abu ba ne a jami'a, Yarbawa mata da yawa suna sawa. Abin da zan ce kawai shi ne a tabbatar da masauki kafin a taho, in da hali cikin makaranta, kuma a haɗu da shugabannin mata na MSSN tun makon farko.

TSARO DA ZAMAN BAƘUNTA

Ba zan ɓoye wannan ba, don shi ne abin da ke hana iyaye barci. A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha da ke nan Ibadan tsakanin Hausawa da Yarbawa, daga saɓanin mutane ƙalilan. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, mutanenmu da yawa suka koma gida. Sai da gwamnonin Kano, Kebbi, Neja da Zamfara suka zo suka gana da Gwamna Seyi Makinde. Bayan nan 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Kisan matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025 ma, duk da ba a Oyo aka yi ba, ya ƙara wa iyaye fargabar hanyar Kudu. Tsoronsu yana da tushe.

Amma a ajiye wannan kusa da shi: unguwar Sabo a Ibadan tun 1916 take. Fiye da shekara ɗari kakanninmu suna kawo shanu suna komawa da goro, har wani masani mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi guda a kansu a 1969. Akwai Hausawan da kakanninsu a nan aka haife su, suna jin Yarbanci kamar Hausa. Kullum ta Allah ana ciniki a Bodija da Akinyele ba wanda ya ji labari, don zaman lafiya ba ya shiga jarida. Kuma yadda Hajiyarka take tsoron Ibadan, haka uwar abokin karatuna take tsoron a tura ɗanta bautar ƙasa Kano. Ita ma labarin rikici kawai ta taɓa ji, ba ta san Sabon Gari cike take da Yarbawa da Inyamurai masu gidaje da shaguna ba.

Ƙananan abubuwa kam za ka gamu da su. Za a kira ka "Aboki" ko "Mola", wani da wasa, wani da raini. Wani mai gida da ya ji daga inda ka fito zai ce an riga an kama ɗakin. Wani a aji zai yi mamakin jin Turancinka, har ya ɗauka yabo ne ya ce ba ka yi kama da Bahaushe ba. Yana da ciwo. Maganin da na gani yana aiki shi ne gaisuwa da ƙwazo. Bayarabe yana girmama gaisuwa kamar mu, ko ma fiye. Ka koyi gaida manya da yarensu, ka rusuna, ka kira dattijuwa Mama. Sannan ka riƙe karatunka gam, don ranar da ka gabatar da aikinka a taron sashe aka ga ka san abin da kake yi, sunan "Aboki" yakan koma sunanka na yanka.

BAYAN KAMMALAWA

Masu tunanin zama dindindin, ku saurara. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna bambanci. Amma a aikace takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ke magana. Aikin gwamnatin jiha, tallafin karatu na jiha, filin siyasa, duk a cikin ƙananan hukumomi 33 na Oyo kai baƙo ne, kamar yadda Bayaraben da aka haifa a Sabon Gari yake baƙo a cikin 44 na Kano. In burinka aikin jiha ne, ko kasuwanci irin na Kwari, Singa ko Dawanau inda amana da sanayya su ne jari, gida ya fi maka. In kuwa kana hangen cibiyoyin bincike, kamfanoni, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ko digirin digirgir a waje, shekara biyu a Ibadan za ta ba ka mutanen da ba za ka taɓa haɗuwa da su a majalisarku ba, da wasiƙar shaida daga malaman da ba su san babanka ba.

Wannan na ƙarshen shi ya sa nake karkata ga cewa waɗanda suke da hali su fito. Mu kan yi firamare, sakandare, digiri, bautar ƙasa, mastas, duk cikin nisan da adaidaita sahu za ta iya kai mu, sannan mu yi ƙorafin cewa ba a fahimce mu ba. A aji da yawa a nan, in ana maganar almajirai, makiyaya ko auren wuri, ba ɗan Arewa ko ɗaya da zai ce tsaya, ba haka abin yake ba. Kujerar tana nan babu kowa a kai. 'Yan uwanmu masu acaɓa, masu shayi da masu tura baro sun riga mu zuwa da daɗewa, kuma da su kaɗai ake auna mu.

SHAWARA A DUNƘULE

Ka taho Oyo in fanninka ya fi ƙarfi a nan, ka riga ka yi magana da malamin da zai duba aikinka, kana da kuɗin makaranta da hayar shekara da abincin aƙalla wata shida a hannu, kuma akwai wanda zai tsaya wa iyayenka a gida.

Ka zauna Kano in bincikenka a Arewa yake, ko kana da aiki ko shago da ke ciyar da kai, ko kana da iyali da ba za ka iya riƙe gida biyu ba. In ka zauna, ka ware wa karatun awoyinsa, ka gaya wa 'yan majalisa gaskiya.

Kai ɗan bautar ƙasa da aka turo Oyo, kada ka yi saurin neman a mayar da kai. Shekara guda ce, gwamnati ce ke biyan alawus, ba ka da wata dama mai arha kamar wannan ta gwada zaman wani wuri.

Wanda har yanzu yake wasi-wasi, ya ware kuɗin mota ya zo ya yi mako guda kafin ya biya ko sisi. Ya shiga sashen da yake so, ya tambayi ɗaliban da ke ciki shekara nawa suka yi, ya zaga Agbowo ya ji kuɗin ɗaki da kunnensa, ya yi Juma'a a Sabo. Gani ya kori ji. Sannan ya yi istihara, ya nemi albarkar iyaye, don ba na ba kowa shawarar ya taho a kan fushinsu.

Wanda ya yanke shawarar zuwa ya sanar da mu kafin ya taso, akwai 'yan uwa da za su tare shi a Ojoo su ba shi wurin kwana kafin ya samu ɗaki. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu a gida da daji, Ya sa mu gama lafiya. Amin.